Batirin Motar Yaya

Likita yana durƙushe gaban mota ta tara, hannunsa cikin inji yana maƙala wayar caja, sai ya hango janwe ta shigo harabar kamfanin. Ta cikin gilashin zauren nunin motoci ya ga abin da take ja, farar mota mai lotsewa a ƙofar baya. Ya san motar kamar yunwar cikinsa. Ta Yaya ce, babban wansa, kuma yau mako uku ke nan da binne Yaya.

Ba likitan mutane ba ne, kada a ƙara masa girman da bai kai ba. Shekara goma sha tara yana kula da baturan wannan kamfanin sayar da motoci, na zauren nuni da na gareji. Mota a zauren nuni a tsaye take mutuwa. Masu kallo su buɗe ƙofa, su kunna rediyo, su danna wannan su murɗa wancan, su shafa kujera, su tafi ba su sayi ko taya ba. Shi ne kowace safiya yake bin motocin ashirin da biyu ɗaya bayan ɗaya, da mitarsa da takardarsa mai layi biyar, kuma ko sama da ƙasa za su haɗe ba ya tsallake layi. Layin farko ne ya ja masa laƙabin: a bar batir ya huta kafin a gwada shi. Ya faɗi maganar nan har ma'aikata suka haddace, suna kwaikwayonsa idan ya ba su baya.

Daga gaban janwen 'yar Yaya ta sauko, babbar 'yarsa wadda ta gama makaranta bara. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo, ta ƙanƙame jakarta a ƙirji.

"Baffa, ina kwana."

"Mamana! Ke ce da kanki? Ai da kin kira ni na zo gida."

"Na gaji da ganinta a ƙofar gida, Baffa."

Ya kai ta ɗakin jiran baƙi, wanda gilashi kawai ya raba shi da gareji. Ya kawo mata ruwa, ta riƙe kofin ba ta sha ba. Labarin ranar ya riga ya ji shi daga baki goma a wajen zaman makoki. Da safe ciwon ƙirji ya kama Yaya, ita ta tallafe shi zuwa mota, ta murza makulli, motar ta yi ƙas-ƙas-ƙas ta yi shiru. Kafin a tashi maƙwabci, kafin maƙwabcin ya nemo makullinsa, minti ashirin da biyar sun tafi. A ƙofar asibiti rai ya yi halinsa. Amma abin da ta zo da shi yau bai taɓa jin sa daga bakin kowa ba.

"Ana gobe abin zai faru, ni na fita da ita da yamma," ta ce, tana kallon kofin. "Da na dawo ɗan kunnena ya faɗi, na kunna fitilar ciki ina nema. Ban tuna ko na kashe ba. Wallahi Baffa ban tuna ba, kullum sai na koma cikin motar nan a raina ina duba makunnin. Batirin kuwa kai ka duba shi. Baba ya dawo yana ta yabonka, ya ce ka ce zai yi shekara. To in ba batirin ba ne, ai ni ce."

"Haba Mamana, kwana ne ya ƙare."

"Kowa haka yake ce mini. Ni ba wannan na zo ji ba." Ta ɗago ido ta kalle shi. "Kai ne ba ka kuskure a wannan aikin. Ka duba mini, ka gaya mini gaskiya ko wace iri ce. Ko Mama ban faɗa wa ba."

Akwai magana ɗaya a bakinsa a lokacin, wadda da ya sake ta da yarinyar nan ta ci abinci yau. Irin wannan motar da kanta take kashe fitilar ciki bayan minti goma sha biyar, ko an manta ko ba a manta ba. Ya sani sarai. Amma ya san tambayar da za ta biyo baya, don haka ya haɗiye maganar, ya ce mata ta zauna zai duba. Tsoro ne ya hana shi, ba wani abu ba, kuma shi kansa ya san tsoro ne.

Aka tura motar can ƙuryar gareji, kusa da ɗakin batura. Wurin ba shi da taga. Fitila ɗaya ce doguwa a sama, mai ƙyaftawa idan ta ga dama, sai gunjin cajoji takwas da ba ya tsayawa, da warin ruwan batir mai kama maƙogwaro. Shekara da shekaru yana aiki a nan bai taɓa jin wurin ya yi masa sanyi ba sai yau.

Ya ɗaga murfin inji. Ga shi nan a saman batirin, da farin alƙalaminsa, da rubutun hannunsa: kwanan wata da alamar lafiya. Kwana tara kafin rasuwar.

A ranar, da rana tsaka, Yaya ya tsaya a bakin ƙofar kamfani yana danna masa hon, ya ce motar tana nauyin tashi da safe. Likita ya riga ya wanke hannu zai ci abinci. Da baƙo ne, da an shigo da motar ciki, an buɗe mata takarda, an bar ta ta huce, an kunna manyan fitilu na ɗan lokaci don wutar sama-sama ta zube, sannan a ɗora wa batirin nauyi a ga ko zai ɗauka. Amma wa yake buɗe wa yayansa takarda? Aikin gida ne. Ya zaro mita daga aljihu, ya ɗora a kan batirin da ya sauko daga tafiyar minti arba'in, inji bai ko daina ƙara ba. Mita ta nuna sha biyu da ɗigo takwas. Ko wanda ya shigo sana'ar jiya ya san batir mai zafi ƙarya yake yi. Shi kuwa ya buga murfin ya ce, "Shekara guda ba ruwanka da batir." Yaya ya yi dariya, ya ce ashe lokacin da yake goya shi likita yake goyo bai sani ba.

Ya ɗauko sufana ya kwance batirin, ya kai shi ɗakin caji ya jona. Sai ya sha wuta na wasu sa'o'i kafin ya faɗi gaskiyarsa. A motar kuma ya ɗora batirin gareji, wanda suke gwaji da shi.

Yana ɗaure waya ta biyu a kan batirin motar ta farka. Allon gaba ya kawo haske, wani abu ya yi ƙararrawa sau uku a ciki. Sannan kujerar direba, wadda yarinyar ta jawo gaba ranar saboda gajerun ƙafafunta, ta fara motsi ita kaɗai. A hankali ta ja baya, ta ja baya, ta ɗan kishingiɗa, ta tsaya daidai inda dogayen ƙafafun Yaya suke so. Madubin gefe ya juya shi ma. Likita ya san motar tana riƙe zaman mai ita a ƙwaƙwalwarta, ya sha yi wa masu saye bayanin haka da bakinsa. Duk da haka tsigar jikinsa ta tashi, ya ga kansa ya ja da baya har ya bugi teburin kayan aiki.

"Kai Likita, aljani ka gani?"

Dogo ne, mai wayarin garejin, yana goge hannu da tsumma. Ya zo da tsokana a baki, amma da ya gane motar sai ya shanye ta. Ya leƙa ɗakin caji, ya ga farin rubutun a kan batirin, ya daɗe yana kallonsa. Dogo ba wawa ba ne.

"A bakin ƙofa ka gwada?" ya tambaya a hankali.

A daidai lokacin wayar Likita ta fara ruri a aljihu. Ya zaro ta. Sunan da ke kan allon harufa huɗu ne: Yaya.

Ta yi ruri sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Dogo ya leƙa ya gani, ya ce "Innalillahi" da ƙaramar murya. Yatsan Likita ya danna da kansa, ya kara wayar a kunne. Babu magana. Gunjin cajoji ne kawai yake ji, ya zo masa daga nesa kamar daga cikin rijiya, sai kuma numfashin wani mutum, mai nauyi, mai sauri. Ya ɗauki lokaci kafin ya gane nasa ne, motar ce take ɗauka tana mayar masa.

"Haɗi ne kawai," in ji Dogo. "Wayar marigayin tana kusa, motar ta kama ta. Haɗi ne." Yana faɗa yana ƙara matsawa nesa da motar.

Ƙofar gilashi ta buɗe. Yarinyar ce tsaye, wayar mahaifinta a hannunta tana haske. Ashe ita take ƙanƙame da ita a cikin jaka tun safe.

"Ranar ya danna lambarka a jikin motar," ta ce. "Yana haki ya ce, kira Baffanki, shi ya san kanta. Kiran bai kai ga shiga ba wutar ta ɗauke gaba ɗaya." Ta kashe kiran, ta juya ta koma ta zauna.

Likita ya tsaya da waya a kunne har bayan layin ya mutu. Daga baya ya buɗe ƙofar motar ba tare da ya taɓa kujerar ba, ya kunna fitilar ciki, ya rufe, ya kulle. Ya ja benci ya zauna yana kallon agogo. Mota ce babu kowa a ciki, fitila tana haska kujerar da ta kishingiɗa da hular Yaya da aka manta a kujerar baya. Minti goma sha biyar cif fitilar ta fara dusashewa, ta mutu da kanta.

Bayan azahar ya shiga ɗakin caji. Batir ɗaki shida ne da shi, kowane da murfinsa da ruwansa. Wanda fitila ta zuƙe, dukkan ɗakunan tare suke sauka, tare kuma suke tashi idan sun sha caji. Ya ɗauko bututun gilashin gwaji mai roba a kai, ya zuƙi ruwan ɗakin farko. Ruwan fari tas, tsinken da ke ciki ya taso. Na biyu haka, na uku haka. A na huɗu ruwan ya fito baƙi-baƙi kamar na wankin tukunya, tsinken ya kwanta a ƙasa bai ko motsa ba. Ɗakin ya mutu, kuma ba mutuwar mako uku ba ce. Shi ne nauyin tashin da Yaya ya zo yana faɗa.

Dogo yana bakin ƙofa, ya ga komai.

"Ka saurare ni," ya ce. "Ka ce mata wata wayar lantarki ce a motar take satar wuta. Ba laifinta, ba laifin kowa. Ni zan tsaya maka, ai wayarin nawa ne. Wannan kuwa ka goge rubutun ka jefa shi cikin matattun batura, motar kwashe su jibi za ta zo. Wanda ya tafi ya tafi, Likita. Kada ka kashe kanka a gaban yarinya a banza."

Maganar ta shige shi, ba ƙarya. Har ya ɗauki tsumma ya jiƙa da fetur. Bai goge ba, amma bai ajiye tsumman ba, da shi a hannu ya shiga ɗakin jira.

Tana nan inda ya bar ta, kofin ruwan yana nan cike.

"Mamana, ba fitilar ba ce. Motar da kanta take kashe ta, na gwada na gani."

Ba ta yi murna ba. Ta dai zuba masa ido. "To mene ne?"

"Wani lokaci wayar lantarki takan yi satar wuta, ba wanda zai sani."

"Haka kawai take farawa? Shekara shida ba ta yi ba sai daren da na fita da ita?" Ta ƙanƙame jakarta. "Na taɓa wani abu ke nan. Na jona cajar wayata a ciki ranar. Ita ce, ko? Baffa, ita ce?"

Nan ya gane ƙaryar Dogo ba za ta yi aiki ba. Yarinyar nan ta riga ta yanke wa kanta hukunci, duk ƙofar da aka bari a buɗe ta nan za ta koma ciki. Tausayinta ya kama shi har ya fi ƙarfin tsoron. Ya zauna a kujerar da ke fuskantarta, ya ajiye tsumman a ƙasa.

"Babu wayar da ta yi sata. Batirin ne. Ya riga ya lalace tun ranar da Yaya ya kawo mini. Ban gwada shi yadda ya kamata ba. Ni ne, Mamana."

Ta kalli tsumman da ke ƙasa. Sannan, abin da bai taɓa zato ba, ta yi ɗan murmushi, hawaye na zubo mata.

"Allah ya saka maka da alheri, Baffa. Amma ba sai ka ɗaukar mini ba. Kai da kake hana mutane gwada batir da zafi? Ko ni na haddace maganar tun ina firamare."

Shekara goma sha tara yana gina sunan nan, yau shi ne ya tsaya tsakaninsa da yarinyar. Ya miƙe.

"Taso ki gani da idonki."

Ta bi shi ta ratsa garejin, ta wuce motar ba ta kalle ta ba. Dogo ya ga sun nufo ɗakin caji, ya sunkuyar da kai ya ba su hanya. Likita ya nuna mata rubutunsa da kwanan watan. Ya yi mata bayanin ɗakuna shida da kalmomi kaɗan, sannan ya sa bututun a hannunta.

"Ki matsa robar, ki saki. Ki yi hankali da ruwan, yana cin fata."

Ta zuƙi na farko, ta ga farin ruwa. Na biyu, na uku. Da ta zo na huɗu baƙin ruwan ya hau bututun a hankali. Ta ɗaga shi sama wajen fitila, ta daɗe tana kallo.

"Fitila ba ta yin haka?"

"Ba ta yi."

"Cajar waya fa?"

"Ba abin da za ki bari a kunne da zai kashe ɗaki ɗaya ya bar biyar."

Ya ga kafaɗunta sun sauka, ta ja wani dogon numfashi wanda ya tabbata rabonta da irinsa mako uku. Ta mayar da ruwan cikin ɗakinsa, ta ajiye bututun a kan tebur a hankali. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba, da ta yi ma da ya fi masa sauƙi.

"Da ka yi yadda kake yi wa baƙi," ta ce, "da ka gane?"

"Da na gane."

"Me ya hana?"

Ya nemi amsar da ta fi ta gaskiya kyau, bai samu ba. "Zan ci abinci ne."

Ta gyaɗa kai. Cajoji suna ta gunjinsu. Ta sa wayar mahaifinta cikin jaka, ta ja zif, ta rataya jakar a kafaɗa. Ta fita ta tsaya gaban motar, wannan karon ta kalle ta sosai.

"Ina so a sa mata sabon batir," ta ce. "Ni zan tuƙa ta gida."

"Yanzu kuwa, Mamana." Ya juya da sauri ya ɗauko sufana. "Akwai mai kyau a sito, ni da kaina zan..."

"Baffa." Ba ta ɗaga murya ba. "A kira wani ya saka."

Ya tsaya. Dogo ya matso ba tare da ya kalle shi ba, ya miƙa hannu. Likita ya ɗora masa sufanar a tafi, ya koma gefe ya ba su wuri.